Ƙanena ya ɗebi kuɗin shago ya zuba a Free Fire, in fasa wayar ne?

Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Maraɗi, gidanmu kuma yana unguwar Zariya. Tun rasuwar mahaifinmu riƙon ƙanena ya dawo hannuna. Shekararsa 16, yana ajin ƙarshe na kolej, bana zai zauna BEPC, jarrabawar kammala kolej. Bara na ba shi tsohuwar wayata don ya riƙa karɓar darasi ta WhatsApp, ashe na jawo wa kaina. Ya sa wani wasan harbe-harbe wai shi Free Fire. Daga an idar da isha'i sai ya toshe kunne, yana ta ihu shi da abokansa uku har ƙarfe 2, wata rana har 3. Asuba sai an yi da gaske. Mwayen ɗinsa, wato matsakaicin makinsa a aji, ya faɗo daga 12 zuwa 8, mushensu, wato malaminsu, ya aiko a kira ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, makon jiya na zauna lissafi na tarar jaka 18 sun yi ƙafa daga aljihun tebur cikin wata biyu. Da na matsa masa ya amsa, wai diyamon, kuɗin cikin wasan, ya saya. Shi da bakinsa ya ce wasan kyauta ne, to me ake saye a cikin kyauta? Har yana gaya mini akwai masu samun miliyoyi da shi. Inna ta ce in ƙyale shi, gara yana ɗaki da a ce yana fadar ƴan tramol. Ni kuwa raina ya ba ni in fasa wayar, in kai shi ƙauye wurin kawunmu ya kama noma. Ka ba ni shawara, kuma a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ka ladan riƙon zumunci.

Kada ka fasa wayar. Ba tausayinta nake ji ba. Duk abin da yaron ya tara a wasan nan, da matsayinsa da kayan da ya saya da jaka 18 ɗinka, babu ko ɗaya da ke kwance a cikin wayar. Suna can a kwamfutocin kamfanin, an ɗaure su da kont ɗinsa, wato asusunsa, na Facebook ko na Google. Ka rotsa ta yau da dare, gobe da hantsi ya ari ta aboki a bayan aji, ya shiga, ya tarar da komai yadda ya bari. Kai ka yi asarar waya, shi kuma ya koyi yin abin a inda idonka ba ya kaiwa. Ƙauyukan ma rezo, wato layin waya, ya riga ku isa da yawansu, kuma kawunku ba zai kwana yana gadin saurayi ba. Abin da tafiyar za ta kashe tabbas shi ne BEPC ɗin bana.

Ɓacin rai ya sa ka ƙulle sata da wasa a ƙulli ɗaya. Sai an kwance su, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Amma kafin nan ya kamata ka san abin da kake faɗa da shi, tunda daga bakin ƙofa ƙarar bindiga kawai kake ji.

A cikin wasan, jirgin sama ne ke ɗaukar ƴan wasa 50, kowa da wayarsa a garinsu, ya ratsa da su ta saman wani tsibiri. Wanda aka fi sani sunansa Bermuda. Kowa ya zaɓi inda zai diro da lema, kuma kowa hannu rabbana yake sauka. Sai a bazama cikin gidaje neman bindiga da harsashi da sulke da magani. Ana cikin haka wata da'ira da suke kira zon ta fara matsewa. Wanda ya tsaya a wajenta ƙarfinsa na zurarewa har ya mutu, saboda haka ɓuya ba ta ɗorewa, dole a yi karo. Cikin minti 10 zuwa 15 saura mutum ɗaya, ko ekip ɗaya ta mutum huɗu, sai allo ya rubuta Booyah. Ihun nan da ke tayar da Inna tsakar dare, ko dai na samun wannan ne, ko na rasa shi da ƙiris.

Kamfanin Garena na Singapo ne ya fito da shi a 2017, kuma wayonsu shi ne sun yi shi marar nauyi, yadda ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno za ta ja shi ba tare da ta ƙame ba. PUBG Mobile mai ɗaukar mutum 100 ya fi shi nauyi, zagayensa ɗaya kan ci kusan rabin awa. Fortnite kuwa sai waya mai tsada ko kwamfuta. Shi ya sa Free Fire ya samu shiga a garuruwa irin namu, daga Brazil har Indunusiya. A 2019 babu wasan waya da aka sauke a duniya kamarsa, a 2021 kuma kamfanin ya sanar cewa an kai ranar da mutum sama da miliyan 150 suka buga shi. Na kawo maka wannan ne don ka daina kallon ƙanenka a matsayin sakaran da ya fi kowa rashin tunani. Akwai masu digiri da ke karɓar albashi mai tsoka, aikinsu kawai su tabbatar bai ajiye wayar ba.

Yanzu ka bi ranar yaron daga safe. A lekol yana cikin aji mai cunkoso, ba mamaki mushe bai riƙe sunansa ba sai da mwayen ya faɗi. A shago shi ne "kai, miƙo", "kai, je ka karɓo canji". A gida shi ne ƙarami, maraya, wanda ake ciyarwa. Da ya toshe kunne kuwa, mutum uku ne ke jiran ya ce a bi ta hagu ko a dakata. In aka harbi ɗayansu ya faɗi yana jan ciki, shi ne zai dasa katangar ƙanƙara, ya durƙusa a bayanta ya tashe shi harsashi na zuba, kuma gobe a lekol a yi ta ba da labari. Ɗan Alhaji mai iPhone da ɗan mai kabu-kabu jirgi ɗaya ke ɗaukarsu, hannu wofi suke dira. Wurare kaɗan ne a garin nan ke ba ɗan shekara 16 irin wannan daraja. In ka ƙwace ba ka san me kake ƙwacewa ba, za ka yi mamakin irin zafin da zai ɗauka.

Don haka maganar Inna da ƙamshin gaskiya. Yaron da ka san inda ya kwana ya fi wanda ake nema a fada-fada. Inda ta yi sako-sako shi ne ɗaukar da ta yi cewa duk wanda ke ɗaki yana gida. Abin kunnen nan buɗe yake. In ba su cika huɗu ba, wasan kan cike musu da baƙi, wani ƙato daga wata ƙasa mai zagin uwa da uba, wani mai neman lambar WhatsApp. Ka ce da shi in da baƙo a ekip ya rufe makirfo, kuma kada ya ba kowa lamba ko hoto. Wannan ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Abin da ke hana shi tashi ba taurin kai ba ne kaɗai. Cikin mutum 50, yawanci faɗuwa ake yi, amma faɗuwar kan zo da "saura kaɗan": ya zo na uku, ya zo na biyu, harsashi ya ƙare masa ana ido da ido. Ga zagayen gajere, minti 10 kacal, wa zai ƙi ƙara ɗaya? Sannan akwai matakala da ake hawa da maki, daga Bronze a bi ta Gold da Diamond har Heroic da Grandmaster, kuma duk bayan kamar wata biyu sai a sauko da kowa ƙasa a ce a sake hawa. Wanda ya huta mako guda ya dawo ya tarar abokai sun wuce shi. Ga kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: ba a dakatar da wasan nan. Sauran mutane ba za su tsaya don an kira ƙanenka ba. In ya ajiye wayar a tsakiyar zagaye, harbe shi za a yi, a zaftare masa maki, abokansa uku su faɗi ta dalilinsa, gobe su ce da shi maci amana. Rabin faɗan da ake yi a gidaje daga nan yake tashi. Uwa ta ce "zo yanzu", yaro ya ce "ina zuwa", ita ta ji raini, shi ya ji ana so a kunyata shi gaban mutanensa.

Saboda haka dokarka kada ta zama "in na ce kashe, ka kashe". Ta zama a kan farawa. Saura kwata a kira salla, ba a fara sabon zagaye. An kusa zuba tuwo, ba a farawa. In ka tarar da shi a ciki, tambaye shi mutum nawa suka rage, lambar tana nan a saman allo. Ka ce wannan shi ne na ƙarshe, ka tsaya har ya gama, ka miƙa hannu. Minti biyar ɗin da ka yi haƙuri za su rage maka awa guda ta cacar baki.

Sai batun kuɗi, inda ka yi tambayar da ta fi kowace kyau a wasiƙarka: me ake saye a cikin kyauta? Kai ɗan kasuwa ne, ba sai na wahala ba. Mai kilishi da ya ɓalli ƙyalle ya miƙo maka ya ce "ɗanɗana, Alhaji", ba sadaka yake yi ba. Shiga wasan shi ne ɗanɗanon. Kafin ƙarshen 2019 wannan wasa na kyauta ya riga ya tara wa masu shi sama da dala biliyan 1 ta Amurka. A Disamba 2020 har Cristiano Ronaldo suka shigo da shi ciki da sunan Chrono, bayan sun riga sun sa Alok, wani makaɗin Brazil. Ka san Ronaldo ba ya tsayawa hoto don Allah. Kuɗin sallamarsa daga aljihunan tebur irin naka suke fitowa, jaka-jaka.

Hanyar karɓar kuɗin an tsara ta da kyau. Da farko ba a rubuta farashi da sefa. Sai ka canza kuɗinka zuwa diyamon, daga nan komai da diyamon ake faɗa. Yaron da zai yi jayayya da mai kabu-kabu a kan dala ashirin, zai zubar da diyamon 500 bai ji komai ba, don a idonsa ba kuɗi ba ne, wasu duwatsu ne masu shuɗi a kan allo. Abin da ake sayarwa kuma yawanci kwalliya ce: riga, hula, rawa, fentin bindiga. Wasu fentin bindigogin suna ɗan ƙara ƙarfi ko saurin harbi, shi ya sa yara ke rantsuwa cewa in ba ka saya ba ba ka ci, amma ainihin abin da ke fitar da kuɗi kunya ce. Kafin jirgi ya tashi ana tara ƴan wasa wuri ɗaya, kowa na ganin kayan kowa. Wanda ya zo da rigar da aka ba shi ranar farko, "bot" ake ce masa, ko "nub", wato baƙauyen da bai san komai ba. Ka tuna kanka kana shekara 16, ranar salla, kowa da sabon ɗinki ban da kai. Su kuma a wasan nan kusan kowane mako akwai sabon kaya, an maƙala masa agogo yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin ya ɓace.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da suke kira Luck Royale da ire-irensa. A nan ba ka biya a ba ka rigar da ka nuna ba. Biya kake yi a juya maka, abin da ya faɗo shi ne rabonka, kuma yawanci tarkace ne. Ka sake juyawa. Ka zuba jaka biyu, rigar ba ta fito ba, yanzu kuma barin ta ya zama asarar jaka biyu, sai ka ƙara ta uku. Ina kyautata zaton mafi yawan jaka 18 ɗinka ta wannan rami suka bi. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasanni, a 2018 ta ce caca ce a dokar ƙasar. A Amurka kuma, a Disamba 2022, kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, miliyan 245 daga ciki don a mayar wa mutanen da aka ce an yi musu dabara sun sayi abin da ba su yi niyya ba, har da iyayen da ƴaƴansu suka kashe musu kuɗi ba da saninsu ba. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka kwatanta wa malamin da ka yarda da shi yadda juyin yake, ka ji abin da zai ce. A ganina dai, in za ka yi tsanani a wuri ɗaya tak, a nan za ka yi. Wasa a bar masa da sharaɗi. Juyin sa'a kuwa ko da kuɗinsa ne, babu.

Satar kuma a kira ta da sunanta. Ba "ɗauka" ba ce, ba "kuskure" ba ne, kuma kada wasan ya zama mayafin da za a lulluɓe ta da shi. Amma ku yi ta ku biyu, ko ku uku da Inna. Kada ka kai shi gaban ƴan layinku na kasuwa, kada ka ce masa ɓarawo a gaban abokansa. Yaron da ya amsa laifi da aka matsa masa bai riga ya ƙeƙashe ba, in ka tozarta shi a bainar jama'a, nan gaba ƙarya zai ƙware a kai. Ka ɗauko kayen da kake rubuta masu bashi, ka buɗe masa shafi da sunansa, ka rubuta 18.000 F a gabansa. Ka yanka masa lada a kan tsayuwar shago a ranakun da babu lekol, rabi ya tafi biyan bashi, rabi ya shiga aljihunsa. Duk mako ku zauna ya rage lambar da hannunsa.

Zan tambaye ka wani abu, kada ka ji haushi. Yaron nan yana da ko dala tasa ta kansa? Wasiƙarka ba ta ambaci haka ba. Saurayin da kuɗi ke wucewa ta hannunsa kullum, yana karɓa yana ba da canji, shi kuma ko na shayi sai ya roƙa, an ɗora masa jarrabawar da manya ma ke faɗuwa. Wannan bai wanke shi ba. Amma aljihun tebur da ya yi wata biyu ana ɗiba ba ka gane ba, shi ma yana neman kwaɗo da lissafin kowane dare. In ya san lambar sirrin kuɗin da ke wayarka, canza ta yau.

Kada ka goge masa kont. Na san zai zo maka a rai. In ka goge, ka ƙone jaka 18 ɗin gaba ɗaya tare da aikin shekara guda, kuma ka zubar da abu ɗaya tilo da yake tsoron rasawa. Maimakon haka ka sa ya buɗe maka ya nuna abin da ya saya, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin diyamon nawa, kuna mayar da shi sefa. Wataƙila ranar ce karon farko da zai ga rigar nan a matsayin buhun gero. Ka tambaye shi wa ke sayar masa. Yaran da ba su da katin banki yawanci wani suke ba kuɗi a hannu tare da lambarsu ta wasan, shi ya loda musu. Ka je wurin mutumin cikin mutunci, ka ji ko akwai sauran bashi, ka gaya masa daga yau in ya ba yaron nan bashi ya ba kansa. Ka kuma ja kunnen ƙanenka a kan masu tallan diyamon na kyauta a Facebook da TikTok, masu cewa a turo lambar sirri. Babu diyamon ɗin da za su ba shi, kont ɗin za su ɗauke, da Facebook ɗin da aka ɗaure shi da shi.

Maganar miliyoyi ba ƙarya ya yi maka ba, rabin labari ya kawo. A 2021 an yi gasar duniya ta Free Fire a Singapo, kuɗin da aka raba dala miliyan 2, wata ekip ta Tailan mai suna Phoenix Force ta ɗauki kofin. A 2019 wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 16, sa'an ƙanenka, da ake kira Bugha, ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite. Rabin da bai kawo ba shi ne mutum kusan miliyan 40 ne suka shiga neman gurbi a wannan gasar. Waɗanda ke kaiwa can kuma suna da masu horar da su, da intanet da ba ya tsinkewa, da kuran da ba ya ɗaukewa ana tsakiyar zafin Afrilu. A wasan da ƙiftawar ido ke raba mai rai da gawa, wanda rezonsa ke jan ƙafa an harbe shi tun bai ga mai harbin ba. Kada ka yi masa dariya. Ka tambaye shi kawai, cikin duk waɗanda ya sani ido da ido, wa ya taɓa karɓar ko jaka ɗaya daga wasan, wa kuma ya zuba. Bar shi ya yi lissafin da kansa.

Abin da ya ci mwayen ɗinsa kuwa dare ne. Likitocin barci sun ce matashi mai irin shekarunsa yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe 3 aka tashe shi asuba, gangar jikinsa ce ke zuwa aji. Ga forfen dare, wato datar da ake saye ta dare, ya fi araha, rezo ya fi sakewa in gari ya yi barci, komai na tura su can. A nan babu sasanci: ƙarfe 10 waya ta tafi ɗakin Inna, can za ta kwana a caji. Ka ba ta wannan aiki da gangan, tunda ita ce mai kare shi, in ta hannunta dokar ta fito ba zai samu wurin kai ƙara ba. Daga yanzu zuwa BEPC, a ranakun lekol zagaye uku ko huɗu bayan ya gama bita sun isa, ƙarshen mako a sassauta. In ya ce an zalunce shi, ka ba shi labarin China, inda tun Agusta 2021 dokar ƙasa ta ce wanda bai kai 18 ba awa ɗaya kawai zai yi wasan intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Nan kusa da su kuma, Indiya rufe Free Fire ɗin ta yi a Fabrairu 2022, ko da yake ita dalilinta na tsaro ne.

Sai dai dokar gida ɗaya ba ta riƙe wasan mutum huɗu. Ka karɓe wayar ƙarfe 10, sauran ukun suna can suna jira, suna turo saƙo, gobe su maye gurbinsa da wani. Wannan zafin ne zai sa ya fara satar wayar daga ɗakin Inna. Abokan nan uku ƴan unguwa ne ko ƴan ajinsu, suna da iyaye, kuma na yi imani a gidajensu ma ana wannan kuka, kowa na zaton shi kaɗai ne. Ka neme su, ko bayan sallar Juma'a ne, ku tsayar da lokaci ɗaya. In duk huɗun suka sauka tare, babu wanda aka bari a baya, babu wanda za a yi wa gori. Cikin duk abin da na faɗa maka, wannan ne ya fi wuyar yi saboda nauyin baki, kuma shi ne nake ganin zai fi aiki.

Za ka ji masu cewa an yi masa asiri, ko aljanun waya sun shige shi, wasu kuma su ce ya zama ɗan ƙwaya ba ƙwaya. Kada ka yi saurin laƙaba masa suna. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture komai na rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12 a haka. Ƙanenka ya taɓo wasu daga ciki, amma har yau ba a taɓa gwada shi da doka tsayayya ba. A gwada tukuna. In bayan wata guda ko biyu ya sake ɗaukar kuɗi, ko ya daina zuwa lekol, ko ya daina cin abinci yana ramewa, ko ka ga alamar yana shan wani abu don ya hana kansa barci, to ka kai shi wurin likita, kada ka tsaya jira. Ka kuma sa ido a kan wani abu: yaron da ya rasa uba wani lokaci ba daɗin wasa ke hana shi kwanciya ba, shirun dare yake gudu. Wannan Inna za ta fi ka iya tono shi.

Wata rana da yamma, in kasuwa ta yi sanyi, ka ce ya buga zagaye ɗaya kana kallo, ya riƙa yi maka bayani. Ba don ka so wasan ba. Za ka ga yadda yake karanta taswira, yadda yake raba wa abokansa aiki, za ka kuma ga da idonka yadda tallan diyamon ke faɗo masa a fuska tun kafin ya kai ga maɓallin farawa. Bayan nan in ka yi magana, ya san ba daga bakin ƙofa kake yi ba.

Kiran mushe kuwa kada ya wuce makon nan. Ka tafi da yaron, ka tambayi darussan da suka fi zubewa da abin da za a iya cetowa kafin jarrabawa, a faɗa a gabansa. Batun ƙauye a ajiye shi sai sakamakon BEPC ya fito, in ma za a je, a je hutun damina a taya kawu noma kamar kowane ɗa, ba a matsayin kora ba. Ka sake rubuto mini bayan jarrabawar aji mai zuwa, ka gaya mini mwayen ɗin da ya samu, da abin da ya rage a shafinsa na kayen bashi, da yadda kuka ƙare da iyayen sauran ukun.